Dangwalen Baba

Litinin, 3 ga Yuli, bayan La'asar

Sun sa kwaɗo.

Ina tsaye gaban murhu na biyu ina juya tarwaɗa, sai ga masinjan kotu da ɗan sanda ɗaya. Masinjan ya san ni, shekara da shekaru matarsa na sayen ƙurungu wurina, shi ya sa ya kasa kallon idona. Ya karanta takardarsa: har sai alƙali ya yanke hukunci tsakanina da Yaya Almustapha, ba mai shiga wurin nan, ba mai fitar da ko tsinke. Na ce, "To kifin da ke kan wuta fa?" Ya ce, "Hajiya, ni aiko ni anka yi."

Munka kashe wuta da ruwa. Murhu bakwai. Shekara goma sha ɗaya ina bandar kifi a bakin ruwan nan na Yelwa, ban taɓa ganinsu duka a mace lokaci ɗaya ba. Matan da ke mini aiki, su tara, sunka ɗauki mayafansu sunka fita ɗaya bayan ɗaya. Halima, babbarsu, ta tsaya bakin ƙofa ta ce, "Gobe mu zo?" Na ce ku zo. Ban san abin da ya sa na ce haka ba.

Cikin ɗakin ajiya akwai kwali talatin da huɗu na kifin da motar Anacha za ta ɗauka ran Alhamis. Ga damina.

Talata, 4 ga Yuli, da hantsi

Sun zo kuwa, su tara. Munka zauna gindin ɗorawa muna kallon ƙofa kamar masu zaman makoki. Jiragen masunta sunka taho daga wajen Wara, sunka rage gudu daidai mashiginmu, sunka ga ba hayaƙi, sunka wuce gaba.

Bari in rubuta yadda abin yake, ko zan ji sanyi. Wurin nan na Baba ne. Nan ya kafa turken jirginsa bayan ruwan dam ya cinye tsohon garinsu. Da na fara banda, murhu ɗaya na gina a gefe, ya zama biyu, ya zama bakwai da ɗakin ajiya da katanga. Baba ya rasu shekara biyu da sunka wuce. Anka raba gida da gona da jirage tsakanin Inna da Yaya da ni. Wurin banda ba a sa shi cikin rabo ba, don na fito da takarda mai nuna Baba ya ba ni shi kyauta tun shekara uku kafin rasuwarsa, ga dangwalen yatsansa a ƙasa. Yaya ya karanta a lokacin, ya miƙo mini, bai ce uffan ba. Shekara biyu bai ce ba. Sai bana, da Alhaji Maikuɗi ya fara zuwa zaurensa, mai son gina wurin sayar wa jirage mai, sannan sammaci ya iso.

Takardar na cikin akwatin ƙarfe ƙarƙashin gado. Ban buɗe ba.

Talata, bayan Magariba

Malam Bashiru, maigidana, ya dawo daga makarantar da yake koyarwa a Ngaski, ya tarar ban ɗora tukunya ba. Bai yi faɗa ba. Ya ce, "Ke da ke da takarda, mi ke tayar miki da hankali? Mai gaskiya ba ya tsoron alƙali."

Na ce haka ne.

Alhamis, 6 ga Yuli, ƙarfe biyu

Motar Anacha ta zo ta koma. Direban ya kira sau shida.

Na je wurin lauya. Sunanta Barista Susan, 'yar Zuru ce, ofishinta na saman wani shago kusa da kasuwa. Ba ta kai ni shekaru ba, amma idan ta dube ka sai ka gyara zama. Ta karanta takardar sau biyu, ta ɗaga ta wajen taga, ta daɗe tana kallon dangwalen.

Ta ce, "Anti Larai, su wa suka shaida?"

Na ce mutum biyu ne a rubuce. Ɗaya ya rasu bara. Ɗayan Baba Dudu ne, abokin kamun kifin Baba, yana wata tungar masunta gaba da Wara. Na ce ga kuma Inna, da kunnenta ta ji Baba ya ba ni.

Ta ce, "Kotu ba za ta karɓi shaidar uwa don amfanin 'yarta ba, balle ita ma magajiya ce. Takardar nan da Baba Dudu su kaɗai gare mu. Ina kuke ranar da ya dangwala?"

Na ce a gida.

"Wane ɗaki?"

Na ce a ba ni ruwa in sha. Ta sa anka kawo. Ta jira na shanye, sannan ta ce, "Ni lauyarki ce. Abin da kika faɗa mini nan zai mutu. Amma abin da kika ɓoye mini, shi zai kayar da mu gaban alƙali." Na ce ba abin da na ɓoye. Ta rubuta wani abu ta rufe fayil.

Juma'a, 7 ga Yuli, da safe

Ruwa tun asuba. Kwanon ɗakin ajiya na yoyo ta kusurwar gabas, ni kaɗai na san inda ake ajiye bokiti.

Asabar, 8 ga Yuli, da yamma

Na je na tsaya. Kwaɗo na nan.

Litinin, 10 ga Yuli, bayan Azahar

Zaman farko. Munka isa ƙarfe takwas, ba a kira mu ba sai sha biyu ta wuce. Yaya na benci na gaba da farar riga, ƙeyarsa kawai nake gani. Ƙeyar Baba ce sak, har da ɗan tabon nan.

Barista ta roƙi alƙali a bar ni in kwashe kifi kawai, ko da masinja na tsaye a kaina. Alƙali ya ce sai ya ji ta bakin lauyan mai ƙara. Lauyan bai zo ba, wai motarsa ta lalace a hanyar Birnin Kebbi. Anka ɗage zuwa Litinin ta sama.

Na ce wa Barista a waje, "Kifi bai san Litinin ba." Ta ce ta sani.

Laraba, 12 ga Yuli, da hantsi

Mata shida sunka zo yau. Uku sun kama aiki wurin masu banda na gaba da mu. Ban ga laifinsu ba, kowa da bakin da take ciyarwa.

Halima ta ce wari ya fara fitowa ta ƙasan ƙofa. Na ce ban ji ba. Na ji.

Alhamis, 13 ga Yuli, bayan La'asar

Na je gaida Inna. Tun rasuwar Baba a gidan Yaya take. Na tarar da ita tana tsintar shinkafa. Munka gaisa, ta tambayi yara, ta tambayi Malam, ta tambayi ko ƙafata ta daina kumburi. Ba ta tambayi kotu ba. Na zauna har ta gama faifai guda, ba ta ɗago kai ta dube ni ba ko sau ɗaya. Shekara biyu ke nan Inna ba ta kallona ido cikin ido. Da nakan ce takaba ce da tsufa.

Zan fita na ci karo da Yaya a zaure. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa. Na ce, "Yaya, don Allah ko kifin nan ka bari a fitar. Na mutane ne, suna jira."

Ya ce, "Magana na hannun kotu."

Na ce, "Saboda Alhaji Maikuɗi za ka tozarta ni a garin nan?"

Sai ya ajiye carbinsa. Ya ce, "Kowa haka yake faɗi, wai kuɗi na gani. Larai, shekara ukun nan da takardarki ta ce, kullum safiya ina cikin jirgi ɗaya da Baba. Ni ke gaba, shi ke baya. Ba abin da ba mu tattauna ba, har inda yake son a rufe shi. Bai taɓa ce mini ya ba ki wurin nan ba. To ko shi ya ɓoye mini, ko ke kinka yi abin da kinka yi. Shekara biyu abin na cina. So nake in san wanne ne."

Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Juma'a, 14 ga Yuli

Ba abin da ya faru yau.

Litinin, 17 ga Yuli, ƙarfe biyar na yamma

Alƙali ya yarda a buɗe na awa biyu.

Da masinja ya cire kwaɗo sai da ya ja da baya ya toshe hanci. Ruwa ya kwanta a ɗakin har idon sawu. Kwalayen ƙasa sun narke, na sama sun yi fari fat da hunhuna, idan ka taɓa sai tsutsa ta zubo. Tarwaɗar da munka bari kan murhu ba a maganarta. Halima ta ɗaga wani giwan ruwa da ni da kaina na banda shi kwana uku ina juyawa, ya rabe biyu a hannunta. Ta fashe da kuka. Ni ban yi ba.

Munka haƙa rami bayan katanga munka zuba. Kwali biyu kaɗai anka tsira da su. Masinja na duba agogo. Da awa biyu ta cika ya mayar da kwaɗonsa.

An ce mu kawo shaida ran talatin da ɗaya ga wata.

Talata, 18 ga Yuli, da safe

Na wanke hannu da omo, na wanke da toka, na wanke da lemun tsami. Warin yana nan.

Alhamis, 20 ga Yuli, bayan Magariba

Matar Anacha da ke ɗaukar kayana shekara takwas ta kira. Ta yi mini jaje sosai, ta ce Allah zai fitar da ni. Daga ƙarshe ta tambayi lambar wani mai banda a Shanga. Na ba ta.

Malam ya ce in kwantar da hankali, ranar da Baba Dudu ya buɗe baki magana ta ƙare. Ya sake cewa mai gaskiya ba ya tsoron alƙali. Sau huɗu ke nan. Ina ƙirgawa.

Asabar, 22 ga Yuli, bayan La'asar

Na je wurin Baba Dudu. Mota zuwa Wara, daga nan kwale-kwale kusan awa ɗaya. Ruwa ya ja baya sosai bana, sai da na taka laka mai nisa kafin in isa tungarsu.

Na same shi gindin bukka yana ɗinkin tarun kamun kifi. Ya tsufa ƙwarai. Ya gan ni ya ce, "Ɗiyata, na san mi ya kawo ki." Ya sa anka kawo mini fura. Munka yi hirar Baba, yadda sunka taɓa kwana biyu kan tsibiri iska ta hana su dawowa. Ya yi dariya har da hawaye. Sannan na fito da maganar.

Ya ci gaba da ɗinki. Can ya ce, "Ranar da kinka kawo mini takardar nan, kwana nawa da rufe shi?"

Na ajiye kwanon furar.

Ya ce, "Na sa hannu don na san halin abokina. Na san zai ba ki, ko ya riga ya ba ki. Kuma na ga idonki ranar. Amma ban ga sa'ar da ya dangwala ba, ban ji sa'ar da ya faɗa ba. In na tsaya gaban alƙali, abin da zan ce ke nan. Ƙafata ɗaya na cikin kabari, ɗiyata. Kada ki kai ni inda zan zaɓa tsakaninki da Allah."

Na ce to, Baba. Ya raka ni har bakin ruwa yana dogara sanda. Ya cusa mini ƙullin warangi, ƙananan kifin nan, a hannu, wai in kai wa yara.

A kwale-kwale wata mata ta tambaye ni ko ni ce Larai mai banda da wanta ya kai ƙara. Na ce a'a.

Lahadi, 23 ga Yuli, da hantsi

Na ce wa Malam Baba Dudu ba shi da lafiya.

Talata, 25 ga Yuli, ƙarfe uku

Na ce wa Barista Baba Dudu ba zai zo ba. Ba ta tambayi dalili ba. Ta tashi ta rufe ƙofar ofis, ta dawo ta zauna kusa da ni maimakon bayan tebur.

Ta ce, "Bari in faɗa miki yadda abin yake, ba tare da na tambaye ki komai ba. Idan mutum ya yi kyauta yana da lafiya, aka karɓa, aka shaida, ta zauna. Idan yana kan ciwon ajali ne, ba ta zama ga magaji. Idan kuma ya kai inda bai san abin da ake yi da hannunsa ba, to wannan ba maganar gado ba ce kuma, maganar 'yan sanda ce. Kin gane?"

Na ce na gane.

Ta ce, "Ba shaida, mai yiwuwa alƙali ya juya ga rantsuwa. Idan kika rantse, kina iya tsira da wurinki. Ni ba zan ce ki rantse ba, ba zan ce kada ki rantse ba. Amma ba zan tsaya kusa da ke ina sane da ƙarya ba, don haka kada ki faɗa mini abin da zai hana ni tsayawa."

Farkon zuwana cewa ta yi in faɗa mata komi. Yau ta ce kada in faɗa.

Laraba, 26 ga Yuli, bayan Azahar

Ya ba ni. Wallahi Baba ya ba ni wurin nan. Wannan ba ƙarya ba ne.

Alhamis, 27 ga Yuli, da yamma

Mata biyu sunka rage, Halima da wata. Na ce su daina zuwa. Halima ta ce ita ba don ni take zuwa ba, ta saba da hanyar ce.

Ciyawa ta fara fitowa a bakin murhu na ɗaya. Ta ramin ƙofa na leƙa.

Litinin, 31 ga Yuli, bayan La'asar

Lauyan Yaya ya zo yau, da shirinsa. Ya riƙe takardar ya ce alƙali ya dubi dangwalen da kyau. Ya kawo wani tsohon katin ƙungiyar masunta mai dangwalen Baba. Wancan a tsaye yake, zagaye, kamar na mutumin da ya danna da kansa. Nawa ya karkace, ya ja jela gefe guda. Ya ce, "Allah gafarta Malam, yatsan da ke da ƙarfi ba ya zamewa haka."

Kotu ta yi tsit. Fanka kaɗai ke juyawa. Na ji maigidana a bayana ya yi tsaki, yana jin haushin an ci mutuncin matarsa.

Alƙali dattijo ne, ba ya gaggawa. Ya ce zamewar tawada ba hujja ba ce, amma rashin shaida ma ba ƙaramin abu ba ne. Ya ce tunda wurin na hannuna shekara goma sha ɗaya, kuma mai ƙara ya yarda a ba ni rantsuwa, to ran Litinin in zo da alwala. Zan riƙe Alƙur'ani in rantse cewa mahaifina da kansa, cikin lafiya da hankali, a ranar da ke rubuce, ya dangwala takardar nan. In na rantse, a cire kwaɗo.

Yaya ya juyo ya dube ni. Karo na farko tun da anka fara.

Talata, 1 ga Agusta

Saura kwana shida.

Laraba, 2 ga Agusta, da safe

Na yi ta juya kalmomin ko akwai ƙofa. Da cewa anka yi in rantse ya ba ni, da yanzu zan tafi in rantse sau saba'in. Amma da kansa. Cikin lafiya. A ranar da ke rubuce. Uku, kuma ba ɗaya da zan iya ɗauka.

In na rantse, murhuna bakwai, matana tara, sunana a kasuwa. In na ƙi, kowa a Yelwa ya san dalili kafin La'asar.

Alhamis, 3 ga Agusta, bayan Azahar

Alhaji Maikuɗi ya aiko wai in na janye zai ba ni rumfa a wani wuri can cikin gari. Banda a cikin gari, nesa da ruwa. Na ce a gaishe shi.

Malam ya nemi izini a makaranta don ya raka ni ran Litinin. Ya kai babbar rigarsa wurin mai guga.

Juma'a, 4 ga Agusta, bayan an sauko Masallaci

Na faɗa wa Malam gaskiyar takardar.

Ya tashi ya ɗauki butarsa ya fita, alhali ba lokacin salla ba ne.

Asabar, 5 ga Agusta, da yamma

Yana cin abinci. Yana amsa gaisuwa. Bai sake faɗin maganar nan tasa ba. Ban zaci zan yi kewarta ba.

Lahadi, 6 ga Agusta, bayan La'asar

Inna ta zo. Da ƙafa, cikin yayyafi, ita da ba ta iya zuwa ko bakin titi. Na shimfiɗa mata tabarma ta ƙi, ta zauna bakin gado, daidai saman akwatin.

Ta ce, "Rufe ƙofa."

Na rufe.

Ta ce, "Ya ba ki wurin nan. Ranar da kinka gama murhun farko, ina tsaye da tulu, da kunnena na ji. Ko gaban wa zan faɗi." Sai ta ɗago ta dube ni, ido cikin ido, har na rasa inda zan sa fuskata. Ta ce, "Amma daren jajibirin rasuwarsa, a asibiti, ba barci nake ba, Larai. Na ga kin fito da abin tawada daga jaka. Na ga hannunki bisa hannunsa. Na juya fuskata bango don kada in zama shaida."

Na zame ƙasa na riƙe ƙafarta.

Ta ce, "Shekara biyu ina kallon bangon nan. Na san tsoro ne ya sa ki, kin ga zai tafi bai rubuta ba. Da na yi magana ranar, da ba mu kai nan ba. To nawa laifin ke nan, na ɗauka. Gobe in kinka ɗora hannu bisa Littafi, wannan ba zan iya ɗaukar miki ba."

Na ce, "Inna, za su raba wurin. Ba abin da zai rage."

Ta ce, "Su raba. Ni na haife ku ku biyu, ban ga wanda anka haifa da fili ba."

Malam ne ya mayar da ita a babur. Da ya dawo ya tsaya bakin ƙofa ya ce, "Ƙarfe nawa za mu fita gobe?"

Litinin, 7 ga Agusta, bayan Azahar

Na je da alwala.

Kotu ta cika, har da masu leƙe ta taga. Maganar rantsuwa ta zaga kasuwa. Anka kawo Alƙur'ani cikin gafaka anka ajiye kan tebur. Alƙali ya yi mini nasiha kan rantsuwar ƙarya, a hankali, kamar mai yi wa ɗiyarsa magana. Ya ce in matso.

Na matso. Taku huɗu ne, na ƙirga.

Na ce, "Allah gafarta Malam, na janye takardar."

Ya ce in maimaita. Na maimaita. Surutu ya tashi, masinja na bugun tebur. Alƙali ya ce, "Kin san abin da wannan ke nufi?" Na ce na sani. Ya ce ko ina da abin da zan ƙara. Na ce, "Mahaifina ya ba ni wurin da bakinsa. Ba ni da shaidar da kotu za ta karɓa. Shi ke nan."

Lauyan Yaya ya miƙe da sauri, ya fara cewa tunda haka ne a miƙa takardar ga 'yan sanda a bincika yadda anka yi ta. Barista Susan ta miƙe ita ma. Kafin ta buɗe baki, Yaya ya kama gefen rigar lauyansa ya ja. Ya ce, "Zauna." Lauyan ya sunkuya yana yi masa raɗa. Yaya ya ce da ƙarfi, kowa ya ji, "Na ce ka zauna. Gado na kawo ƙara, ban kawo ƙanwata ba."

Alƙali ya yi rubutu mai tsawo. Fili gado ne, za a raba: tumuni na Inna, saura kashi uku, biyu na Yaya, ɗaya nawa. Ginin da na yi nawa ne, abin da ya faɗa rabon wani in kwashe cikin wata guda.

A waje ba wanda ya yi mini magana, sai kallo. Barista ta riƙe hannuna har bakin titi. Malam na gaba da babbar rigarsa mai guga yana buɗe mana hanya.

Laraba, 9 ga Agusta, da hantsi

Na shiga kasuwa sayen gishiri. Mai gishirin ya auna mini bai ɗago kai ba. Wasu mata biyu sunka yi shiru da na wuce, sunka ci gaba da na yi nisa. Na saya na dawo. Ƙafafuna sun kai ni sun dawo da ni, ban san zan iya ba.

Asabar, 12 ga Agusta

Halima ta aiko da tuwo.

Litinin, 14 ga Agusta, bayan La'asar

Yau anka auna. Masinja, da mai awo, da Yaya, da ni, da Malam. Inna ta aiko da saƙo a haɗa tumuninta da nawa gefe guda. Ko da hakan, murhu uku ne sunka faɗo mini, da 'yar siririyar hanya zuwa ruwa wadda mutum biyu ba za su jera ba. Ɗakin ajiya ya tafi. Igiya ta bi ta tsakiyar murhu na huɗu, mai awo ya kafa turke a cikin tokarsa.

Da anka gama kowa ya nufi ƙofa, Yaya ya tsaya. Ya bari sunka yi nisa. Yana kallon ruwa ya ce, "Da gaske ya faɗa miki da baki?"

Na ce ya faɗa.

"Mi ya ce? Yadda ya faɗa nake so, kada ki gyara."

Na ce, "Ya zagaya murhun, ya ƙwanƙwasa shi da filafilin tuƙa jirgi, ya ce ginin banza ne, ba zai kai kaka ba. Sannan ya ce, to, Almustapha na da ruwa, ke riƙe tudu, kowa ya ci gabansa kada in ji faɗa."

Yaya ya daɗe bai motsa ba. Can ya ce, "Haka yake magana."

Ya sa takalmansa ya bi ta gefen igiya ya fita. Bai taɓa turken ba. Ni ma ban roƙe shi ba.